Ina so in kai Hajiya bakin tafkin Superior, a ba ni shawara

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, mahaifiyar maiɗakina, ta zo daga Kano zaman jego. Wata uku ke nan tana Minneapolis a nan Amurka, daga gida sai masallaci, kuma tsakiyar Oktoba za ta koma. Ina so mu bi hanya mai lamba 61 daga Duluth, ta ga ruwan da ido ba ya kai wa ƙarshensa. Damuwata gwiwarta, ga kuma jaririya. Kwana biyu zai isa?

Na Duluth: Wa alaikumus salam, Allah ya raya. Zai isa, in ba ka yi haɗama ba. Daga wajenku zuwa nan awa biyu da rabi ne, daga nan zuwa iyakar Kanada kusan mil 150. Ku fara da Canal Park. Akwai gadar ƙarfe da ake ɗagawa sama manyan jiragen ruwa su wuce ta ƙarƙashinta, Hajiya tana zaune a benci za ta sha kallo. A Split Rock ku ga hasumiyar fitilar da aka kammala a 1910, bayan guguwar Nuwamban 1905 ta farfasa jirage. Amma kada ta bi matakalar da ke sauka bakin ruwa, hawowar ce wahala.

Maman Khalil: Ku tafi ƙarshen Satumba, lokacin da ganyayen dajin Lutsen ke yin jawur. Babata da ta gani sai tasbihi take yi. Ka kama ɗaki a garin Grand Marais tun yanzu, don cika yake yi. Iskar tafkin nan sanyi gare ta ko da rana, mai jego da jaririya su rufu sosai. Ni dambun nama nake riƙewa guzuri, a hanya mu ƙara da kifi banda.

Abu Sadik: Kada magariba ta same ka kana tuƙi, barewa na faɗowa titi ba zato. In kun kai Grand Portage, hanyar zuwa inda ruwa ke zubowa daga tsayin ƙafa 120 shimfiɗaɗɗiya ce, rabin mil, keken guragu ma yana bi. Wurin dab da iyaka yake, ka lura kada ka wuce mashigar, saboda bizar Hajiya.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na samu ɗaki. Hajiya ta ce ita keke kam ba za ta hau ba, sandarta ta ishe ta, za mu taka a hankali.