Mun ba likitan 'yan shaye-shaye hayar gidanmu, unguwa ta taso ni gaba

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka mini da shawara, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a nan Kano, mu bakwai, ɗaki biyu. Shekara huɗu ana rigimar rabo, Yaya Babba ya ce a sayar, 'yan ɗakin Inna suka ce sai dai bayan ransu, har rufin zaure ya rufta. Da ƙyar aka yarda a ba da haya. Dillali ya kawo wani likita, ya biya shekara biyu lakadan, muka raba. Nawa ya tafi a kuɗin makarantar yara da zubin adashe. Ashe wurin kwantar da masu shaye-shaye zai buɗe, ga firamare a tsallaken layi. An kai ƙara wajen mai unguwa, ana yawo da takarda ana sa hannu. Jiya a gidan suna ko gaisuwata ba a amsa ba. Ni kaɗai ke aure a unguwar. Yaya zan yi?

Baban Sadik:
Hajiya, ku mayar masa da kuɗinsa, magana ta ƙare. Kin manta Rigasa? A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga gida ɗaya a Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Duk da sunan gyaran hali suke farawa.

Anti Nas:
Malam, wancan gidan mari ne, wannan likita aka ce. Tun 2018 gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin, amma leƙa bayan katangar makarantu da safe ka ga kwalabe. Mai sayarwa ne abin tsoro, ba wanda aka kwantar ana ba shi magani ba. Maman Ilham, likitan yana da rajistar PHIMA, hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu ta Kano? KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ta yarda a mayar da gidan zama asibiti?

Maman Ilham:
Anti, Yaya Babba ne ya sa hannu, ni ban ga takarda ba. Amma mutumin kirki ne wallahi, shi ya gyara zauren da kuɗinsa.

Ummu Hanif:
Dillalai ai sai Allah. Haka wani ya sa mana mai injin markaɗe a gida, ya ce tela ne. Wata takwas muna shan ƙara, la'adarsa kuma ya cinye.

Baban Sadik:
Gyaran zaure ba lasisi ba ne, Hajiya. Ranar da ɗaya ya haura katanga daidai lokacin tara, wa za a kama? Ku masu gida. Gwamnati tana da asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, a kai su can.

Hajiya Iya:
Baban Sadik, Allah ya raba ka da ganin wannan a gidanka. Ɗana na uku tiramol ta kusa kashe shi. Ni ke ɗaukar sa a adaidaita har Dawanau, ina rufe fuska kada a gane ni. A cikin masu sa hannun nan akwai masu irinsa a ɗaki a kulle. 'Yata, kada ki kori likitan.

Anti Nas:
Ki sa likitan ya zauna da mai unguwa, da hedimasta, da iyayen yara, ya nuna takardunsa. A ɗaga katanga, a sa maigadi, a mayar da ƙofa ta layin baya.

Maman Ilham:
Layin baya filin 'yan ɗakin Inna ne, ba ma magana. Kuɗi kuma ina zan samo? Ni ban zaɓi mutumin nan ba. Kuma ai Ilham ma firamaren take, ajinta uku, in da cuta zan fara da 'yata ne?

Baban Sadik:
To kin zo neman shawara ne ko neman goyon baya? Ki sa hannu a takardar tare da maƙwabtanki, Yayanku ya ji da likitan.

Maman Ilham:
In sa hannu a kan gidan ubana? Yanzu ma maigidana ya kira, wai mai unguwa yana nemansa bayan Isha'i. Yaya Babba kuma wayarsa a kashe tun safe.