Na tsinci tiramol a aljihun ƙanena mai tseren keke

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ɗan shekara 19 ya kamu da son tseren keke, kullum bayan asuba yana kan titi. Jiya ina masa wanki na tsinci tiramol a aljihunsa. Da na tsare shi sai ya ce wai duk zakarun Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, da ƙwaya suke cin gasa, har Pogačar. Bakina ya mutu, don ban san harkar ba. Me zan ce masa? Ban so Baba ya ji tukuna.

Wani mai bin gasar:
Wa alaikumus salam Yaya. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, amma rabin labarin ya ɗauko. Lance Armstrong ya ci gasar sau bakwai a jere, 1999 zuwa 2005, yana amfani da EPO, allurar da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini don tsoka ta samu iska sosai. A 2012 aka ƙwace duka bakwai ɗin, a 2013 ya amsa laifinsa da bakinsa. Shi kuwa Pogačar, zargi ne kawai saboda gudunsa ya yi yawa, ba a taɓa kama shi da komai ba. Ni ma wani lokacin zuciyata takan yi wasiwasi, amma zato zunubi.

Kuma ki tambaye shi labarin ɗan tseren nan Nairo Quintana. Ya zo na shida a gasar ta 2022, aka samu tiramol ɗin nan a jininsa, aka soke sakamakonsa. Tun 2019 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shan sa a lokacin tsere.

Wata ma'aikaciyar jinya:
'Yar uwa, ki bar batun Turawa. Tiramol ba ya ƙara ƙarfi, ciwo yake dannewa, ga jiri da gyangyaɗi, in ya yi yawa har farfaɗiya. Mutum a kan keke tsakanin tireloli! Ki lallaɓa ki ji tun yaushe ya fara. In ya daɗe, kar ya yanke lokaci guda, ku je asibiti.

Wani dattijo:
Ni dai a ganina ki faɗa wa mahaifinku yau ɗin nan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Baba yana da hawan jini, shi ya sa. Zan fara kai ƙanen nawa asibitin ranar Litinin, in ya ƙi sai in kira Kawu.