A taimaka: me za mu kira "surname" a Hausa?

Mai_Fassara: Salamu alaikum. Ƙarfe 8 na daren nan zan gabatar da shiri a rediyo kan sunan Smith, wanda ya fi kowane suna yawa a Ingila. Asalinsa maƙeri ne. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066 aka fara gadon suna, zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun samu nasu. A 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma (wankan shiga addinin Kirista), da aure da binne mamaci, kowane magatakarda ya rubuta yadda ya ga dama: Smith, Smyth, Smythe. Kalmar "surname" ce ta kakare min.

Uwar_Gida: Sunan mahaifi mana. Haka muke cikawa a fom.

Malam_Nahawu: A'a Hajiya. Mahaifin Smith na yau sunansa John ko Peter. Maƙerin ya shekara ɗari shida a ƙasa, jikokinsa ko guduma ba su taɓa riƙewa ba. Laƙabi ma bai yi ba, shi ba a gadonsa. Ni na ƙirƙiro "sungado", wato sunan gado.

Uwar_Gida: Sungado? Mai sauraro zai ɗauka gadon kwanciya ake sayarwa, Malam.

Malam_Nahawu: Gādò daban, gadō daban. Matsalarmu ke nan, Bature ya ƙirƙiro kalma mu rungume, ɗan gida ya ƙirƙiro a yi masa dariya.

Ɗan_Maradi: Malam, ku da kuka mayar da sunan gari sunan mutum, Aminu Kano, Shehu Shagari, ku za ku koya mana suna? Mu nan Mahamadou muke rubutawa, ku Muhammad ko Mohammed. Smith da Smythe ɗinmu ke nan.

Malam_Nahawu: Wannan hannun Faransa ne, ba Hausa ba.

Ɗan_Maradi: Naku kuma hannun wa?

Mai_Fassara: Don Allah jama'a, saura awa biyu. "Sunan zuri'a" fa?

Uwar_Gida: Ya yi. Batun Smith da Smythe kuma ka ce "bambancin rubutu", kowa zai gane.

Malam_Nahawu: Zuri'a Larabci ce, amma je ka da ita na yau. Sungado na nan, za ku dawo.

Mai_Fassara: Na gode. Ɗan_Maradi, na ari misalinka na Mahamadou. Smythe kuma yaya zan furta shi a iska?