Jikokin "excurrere": ina kuka gamu da su?

Malamin Faransanci, Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa. A Latin akwai aikatau *excurrere*, daga *ex*, waje, da *currere*, gudu. Ma'anarta fita a guje, har da ruwa in ya kwararo. Ku da ke zaune a ƙasashen da harsunansu suka fito daga Latin, ina kuka ci karo da ita?

Baban Yusra, Almeriya: Malam, a jikin gwangwanin kifi. A Sifen nauyi biyu ake rubutawa, *peso neto* da *peso escurrido*. Na biyun shi ne abin da ya rage bayan ka tsiyaye man ko ruwan gishirin, kuma shi mai lissafin kuɗinsa yake dubawa, don wani gwangwanin ruwa ya fi kifin yawa. A gonar tumatir kuma, wanda yake sulalewa in an zo lodin akwatuna sai a ce yana *escurrir el bulto*. Akwai wani yaro cikinmu, da motar lodi ta tsaya fitsari ke kama shi.

Hajiyar Sawo Fawlo: A Burazil *escorrer* ne. Kwandon tsane shinkafa sunansa *escorredor*. Da na kai ƙaramata asibiti da mura, likita ta tambaya ko hancinta yana *escorrendo*, wato yana yoyo.

Ɗalibi a Romaniya: Hajiya, namu ya fi naku ƙanƙancewa: *a scurge*. Dole ce ta koya mini ita. Bututun ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya fashe cikin hunturu, ruwa ya sauka ɗakin tsohuwar da ke ƙasanmu. Ta hauro tana buga ƙofa tana nanata *scurgere*, wato yoyo, mai gidan kuma ya ƙi ɗaga waya. Ko lokaci ya shuɗe, cewa suke ya *scurs*.

Tela a Bireshiya: Italiyanci *scorrere*. Ƙofar shagonmu mai zamewa gefe *porta scorrevole* ce, jan allon waya da yatsa ma *scorrere* ne.

Baban Yusra: To Malam, ku fa a Faransanci? Ba *écouler*, kwarara, ba ce?

Malamin Faransanci: A'a Alhaji, kama ce kawai. Ita daga *couler* take, asalinta *colare*, tacewa. 'Yar uwarta ita ce *scolare* da tela zai gani a ledar taliya. Abin da muke da shi daga gidan *excurrere* shi ne *excursion*, wato fita yawon shaƙatawa, kuma masu ilimi ne suka ɗauko ta kai tsaye daga littattafan Latin, ba a baki ta gangaro ba.

Tela a Bireshiya: Haka ne wallahi, *scolare la pasta*. Yanzu na duba ledar.