Aiki ya maƙale a allo na biyu bayan an ɗauke wuta: yaya kuke yi?

Mai shagon buga takardu, Mabera:
Assalamu alaikum. Ina neman 'yan'uwa masu aiki da allo biyu a kwamfuta ɗaya su faɗi yadda suke yi idan an ɗauke wuta. A shagona kwamfutar da allo na farko ne kawai suke kan UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, na biyun kuwa a bango yake jone, saboda haka da zarar wuta ta tafi sai ya mutu, amma Windows ta ci gaba da ɗauka yana nan. Takardar da nake buga wa ɗalibi takan maƙale a can, ga shi tsaye yana jira, ni kuma ba na ganin abin da zan jawo da linzami.

Ma'aikaciyar akanta, Arkilla:
Wa alaikumus salam, Malam. Na sha fama da wannan da Excel a ƙarshen wata. Ka fara danna Alt da Tab har ka zaɓi tagar da ta ɓace, sannan ka riƙe maɓallin Windows da Shift, ka danna kibiyar hagu ko ta dama, take za ta tsallako allon da ke da rai. Dabarar tana nan tun Windows 7 ta 2009. Idan ba ka haɗa da Shift ba, tagar za ta manne ne a rabin allo, sai ka maimaita kafin ta ƙetaro.

Mai gyaran kwamfuta, Gawon Nama:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai idan tagogin suna da yawa, ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne. Ni Windows da P nake dannawa, in zaɓi allon kwamfuta kaɗai, sai komai ya taru wuri ɗaya. Idan wuta ta dawo in mayar da shi kan faɗaɗawa. A yi hattara, domin zaɓi huɗu ne, kuma na ƙarshe shi ne allo na biyu kaɗai, wanda zai bar mutum cikin duhu gaba ɗaya. Tushen matsalar, a abin da na gani a aikina, waya ce. Mafi yawan tsofaffin allunan da ake sayarwa a nan Sakkwato da wayar VGA suke haɗuwa da kwamfuta, ita kuwa ba ta sanar da kwamfuta cewa allo ya mutu. Akwai kuma tsofaffin manhajojin da ba sa jin gajerun hanyoyin nan. Su sai Alt da maɓallin tazara, sannan M, sannan kibiya, sai a motsa linzami tagar ta biyo shi.

Malamin jami'a, Runjin Sambo:
Tawa matsalar akasin ta Malam mai shago ce. Allona da wayar DisplayPort yake haɗe, kuma da ya mutu Windows take kwashe duk tagogin ta jibge su a allo ɗaya, tsarin da na shimfiɗa tun safe ya watse. Sai a Windows 11, wadda ta fito a 2021, na samu sauƙi, domin a saitin allo akwai zaɓin tuna wurin kowace taga, kuma idan allon ya dawo sukan koma inda suke. A can ne kuma ake jera allo 1 da 2 yadda suke a kan tebur, in ba haka ba kibiyar hagu takan kai taga dama. A Ubuntu ma, wani tsarin kwamfuta daban da Windows, Super (wato maɓallin Windows) da Shift da kibiya suna yin aikin da Hajiya ta bayyana.

Mai shagon buga takardu, Mabera:
Allah ya saka da alheri. An ɗauke wuta bayan La'asar, na gwada ta Hajiya, takardar kuwa ta dawo. Malam na Gawon Nama, allona yana da mashigar HDMI ban da ta VGA; idan na sauya waya, kwamfutar za ta gane da kanta cewa ya mutu?