Farin zobe ya fito a kan teburi na mai banish, ya zan yi?

Maman Biyu:
Salam jama'a, dan Allah a taimaka min. Jiya yarona ya ɗora kofi da zafinsa a kan teburin katako, ina ɗagawa sai ga farin zobe raɗau, na goge da ruwa da omo har hannuna ya gaji amma ko gezau. Kuma dama teburin ya dushe, kullum ina fesa masa folish ɗin gwangwani amma sai daɗa danƙo yake.

Tsohon Kafinta:
Wa'alaikis salam Hajiya. Tunda fari ne da sauƙi, danshi ne ya maƙale a cikin banish ɗin bai kai ga katakon ba, da baƙi ne shi ne sai an kankare da sanfefa an sake shafawa. Ki shimfiɗa busasshen ƙyallen auduga a wajen, ki rage wutar dutsen guga can ƙasa, banda tururi, ki ɗora kamar sakan 5 zuwa 10 ki ɗaga ki duba, ki maimaita har ya ɓace, kar dai ki bar shi waje ɗaya don zai ƙona banish ɗin. Omo kuma ki daina, garinsa yana karce sheƙin. Shi folish ɗin fesawa da yawansu akwai wani sinadari mai santsi da ake kira silikon a ciki, shi ke taruwa yana kama ƙura, mu ma ranar da aka kawo mana gyara sabon banish ƙin kwanciya yake a kai, sai ya yi ta rami-rami.

Anty Z:
Ni basilin na shafa wa nawa ya kwana, da safe na goge zoben ya ragu sosai. Amma ƴar uwa ki kiyayi turare! Kwalba ta tsiyaye min a kan durowar madubi, kafin in ankara wajen ya narke ya yi taɓo, sifirit ɗin ciki ne ya ci shi, haka abin goge jan farce, wannan ma ya fi ɓarna.

Maman Biyu:
To danƙon fa Malam? Wata ta ce in shafa man zaitun.

Tsohon Kafinta:
A'a, banish ya riga ya rufe katakon, man ba inda zai shiga, a sama zai zauna ya kwashi ƙura. Ruwan ɗumi kawai da ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa, ki matse tsumman sosai har ya daina ɗiga, ki bi layin katakon, nan take ki bi da busasshe. Ki fara gwadawa a inda ido ba ya gani. In kina son sheƙi, kakin goge katako sau 1 ko 2 a shekara ya isa. Teburin kusa da taga yake?

Maman Biyu:
Eh wallahi, rana na dukansa duk yamma, ashe shi ya sa gefe ɗaya ya koɗe. Bari in ja shi gefe. Zoben dai ya tafi a ɗorawa ta 4, Allah ya saka da alheri.