Shin doka ta yarda a ɗaure mai taɓin hankali da sarƙa a Legas?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar lauyoyi da ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure. Ƙanena yana dako a kasuwar Mile 12, kuma wata biyu ke nan barci ya ƙaurace masa, yana kwana yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Bai taɓa dukan kowa ba, amma ranar Juma'a ya fita ba takalmi, sai bayan isha'i muka same shi a bakin titin jirgin ƙasa. Tun daga ranar Baffanmu ya sa aka ɗaure masa ƙafa a jikin ƙarfen taga, yana kuma shirin a kai shi wani gidan mari a Arewa. Jiya da na kai masa koko na ga idon sawunsa ya kumbura har ya fara tsagewa, ya dube ni ya ce, "Yaya, me na yi?" Na kasa ba shi amsa. Na ji an ce Jihar Legas tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Me ta ce a kan irin wannan, kuma idan muka kai shi asibiti ya ƙi zama, za a iya kwantar da shi?

Lauya daga Obalende:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya ne, Legas ta yi tata dokar a ƙarshen mulkin Gwamna Akinwunmi Ambode, tun kafin tarayya ta gyara tata. Kafin nan ana amfani ne da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916, kuma abin da ya dame ta shi ne yadda za a tsare mutum, ba yadda za a yi masa magani ba. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar tarayya, wadda ta ɗauki mai wannan lalura a matsayin majinyaci mai haƙƙi: kada a nuna masa wariya, a rufa asirin ciwonsa, a yi masa bayanin maganin da za a ba shi, a nemi yardarsa matuƙar yana iya bayarwa.

Ko da babu waɗannan dokoki ma, sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana azabtar da mutum ko wulaƙanta shi, kuma bai ware marar lafiya ba. Kasancewar Baffa ne ya ba da umarni, da kyakkyawar niyya, bai halatta sarƙar ba. Game da tambayarka ta biyu, ana iya kwantar da shi ba da yardarsa ba, amma likita ne zai yanke wannan hukunci bayan ya duba shi ya ga akwai haɗari ga ransa ko na wasu, kuma na ɗan lokaci ne, ana sake dubawa. Idan kuka haɗu da tangarɗa, Ofishin Kare Haƙƙin Jama'a na jihar, wato OPD, yana ba marasa ƙarfi lauya kyauta.

Malamar asibiti:
Ɗan'uwa, kada ka bari ya ƙara kwana a ɗaure. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, wato LASUTH, a Ikeja da ya fi kusa da ku. Ku tafi da wanda ya fi yarda da shi, ku faɗa wa likita ranar da abin ya fara, da ko ya yi zazzaɓi, da ko yana shan wani abu don ƙarfin aiki, domin ɓoye wannan yana jawo a ɗauki lokaci kafin a gane ciwon. A nuna musu raunin ƙafar ma. Haƙƙinku ne ku tambayi sunan maganin da illolinsa, kuma idan Hausa kawai yake ji, ku nemi a bar wani ya yi masa tafinta, domin yardar da aka karɓa daga wanda bai fahimci abin da aka faɗa masa ba, ba yarda ba ce.

Dattijo daga Idi-Araba:
Ɗana, maganarsu daidai ce, sai dai kada ka tunkari Baffanka da zancen doka, domin tsoron kada yaron ya faɗa gaban jirgi ne ya sa shi yin haka. Ka nemi limamin unguwarku ku je tare, a tuna masa abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane daga irin wannan gida, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. A nuna masa cewa ba a hana addu'a da ruƙiyya ba, ana iya yin su yaron yana shan maganinsa.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Liman ya yi magana da Baffa bayan sallar asuba, an kwance shi, kuma ƙanen nawa da bakinsa ya ce zai je Yaba idan ni zan raka shi. Mun yi da mai mota gobe ƙarfe shida.